Kafin ki zaɓi jami'a, ki je ki ga asibitinta

Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe na sakandare daga jihar Katsina ta rubuto tana cewa: "Likita, burina in karanta likitanci, kuma bana zan rubuta JAMB. Babana yana son in zaɓi jami'ar jiharmu don in zauna kusa da gida. Ni kuma raina yana kan ABU ko BUK saboda sunansu. Kawuna ya ce in dangi suka haɗa kuɗi gara a kai ni Masar ko wata jami'ar kuɗi, tunda can babu yajin aiki. Na rasa maganar wanda zan bi."

'Yata, Allah Ya yi miki albarka da kika yi tambayar tun kafin ki cika fom. Yawancin waɗanda ke zuwa ofishina da irin wannan magana sai bayan an yi shekara uku, an kashe kuɗi, sannan su zo da hawaye. Ku ukun nan, ke da babanki da kawunki, kowa yana da hujja, amma dukanku jami'a kuke kallo. Ni da na yi shekaru ina koyar da ɗalibai a gefen gadon majinyata, asibiti nake fara kallo, domin a can ake yin likita.

Sai dai kafin asibiti akwai takarda, kuma wannan ba abin sassauci ba ne. Karatun likitanci a Najeriya hukuma biyu ke riƙe da shi. Akwai Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, wadda ke amincewa da kos a matsayin digiri. Akwai kuma Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, MDCN, wadda ita ce ke ba mutum lasisin taɓa majinyaci. Jami'a tana iya samun ta farko ba ta samu ta biyu ba. Amincewar MDCN kuma hawa-hawa ce: akwai izinin fara karatun shekarun farko, akwai izinin shiga da ɗalibai asibiti, akwai cikakkiyar amincewar da ke ba makaranta damar yaye likitoci a rantsar da su. Saboda haka idan aka ce miki "ai an amince da mu", ki tambaya: wa ya amince, kuma zuwa wane mataki? MDCN tana wallafa jerin makarantun da ta amince da su a shafinta na intanet. Ki duba da idonki, kada ki dogara da allon talla ko maganar ɗan'uwan da ke aiki a makarantar.

A cikin wannan jeri za ki ga lamba a gaban sunan kowace makaranta. Wannan shi ne adadin ɗaliban da majalisar ta yarje mata ta horar a aji ɗaya, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta da ɗakunan gwajinta. Wannan lamba ta fi kyan gini muhimmanci. Idan an yarje wa makaranta mutum hamsin ta ɗebi ɗari biyu a ajin farko, to ki sani akwai ɗari da hamsin da dole a san yadda aka yi da su: ko a zubar da su a jarrabawar ajin farko, ko a tura su wani kos, ko su gama su tsaya layin rantsuwa. Na taɓa zuwa wata makaranta a matsayin mai jarrabawa daga waje, na tarar da aji biyu sun taru a wuri ɗaya, sun gama shekarun farko, ba a ba makarantar izinin shiga da su asibiti ba. Wata yarinya a cikinsu ta ce mini ta maimaita littafin ilimin sassan jiki har bangonsa ya cire, ƙawayenta da suka shiga wani kos tare da ita kuwa suna shirin tafiya bautar ƙasa. Ba ta faɗi jarrabawa ko ɗaya ba. Laifinta kawai ba wanda ya gaya mata ta tambayi wannan tun farko.

To, yanzu mu zo asibiti, kuma ki yi haƙuri in daɗe a nan.

Digirin likitanci, wato MBBS, shekara shida ne ga wanda ya shiga ta JAMB. Shekarar farko kimiyyar da kika sani ce a faɗaɗe: fiziks, kemistiri, bayoloji. Daga nan kusan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ana karanta anatomi, wato ƙirar jiki, da fiziyoloji, yadda jikin ke aiki, da bayokemistiri, ilimin sinadaran jiki. A nan za ki shiga ɗakin fiɗar gawa. Wannan ɓangare, gaskiya, makarantu ba su cika tsere wa juna ba. Littattafan iri ɗaya ne a Zariya da Ibadan da Alƙahira, kuma ɗalibi mai himma zai iya cike giɓin malami da karatun dare. Amma da zarar kin tsallake babbar jarrabawar da ke ƙarshen wannan zango, kin sa farar riga, sauran shekaru ukun a asibiti za ki yi su: ilimin cututtuka da na magunguna, sannan yara, da mata da haihuwa, da cututtukan cikin jiki na manya, da tiyata, da lafiyar al'umma. Wannan kuwa ba littafin da zai ba ki shi.

Bari in nuna miki abin da nake nufi. Da damina, wajen ƙarfe biyu na dare, uwa ta shigo ɗakin gaggawa na yara da ɗanta ɗan shekara uku a kafaɗa, jikinsa kamar wuta, yana ta fizge-fizge. Tafin hannunsa fari fat. Likitan da ke kwanan aiki ya ce wa ɗalibar da ke tsaye: zo ki sa hannu nan, ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Ta danna a hankali, yaron ya ja numfashi, sai ta ji gefen saifa ya taɓo yatsunta. Ya ce ta buɗe fatar idonsa ta ƙasa ta ga yadda jini ya ƙare. Ya sa ta nemo jijiya a bayan hannun da bai fi yatsunta uku faɗi ba. Ta kuskure sau ɗaya, ya riƙe hannunta, ta samu. Wannan ɗaliba har ta tsufa ba za ta manta da yadda zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yake ba. Wadda ta karanta shi a shafi kuwa za ta iya cin jarrabawa, amma ranar da aka kai ta babban asibitin wata ƙaramar hukuma ita kaɗai ce likita, hannunta zai yi rawa.

Irin wannan dare ba ya samuwa sai an haɗa abu uku: majinyata masu yawa kuma iri-iri, manyan likitoci da suke zaune a asibitin, ba masu leƙowa daga wani gari ranar Asabar ba, da ɗalibai 'yan daidai yadda kowa zai kai hannunsa ga majinyaci. In ɗalibai arba'in suka kewaye gado ɗaya, biyar na gaba ne ke koyo, sauran ƙeyar 'yan'uwansu suke kallo. Akwai na huɗu da mutane ba su cika lura da shi ba: ko asibitin yana horar da likitoci masu neman ƙwarewa. Waɗannan matasan likitoci, masu shirin jarrabawar kwalejin ƙwarewa ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, su ne ke kwana a asibiti, kuma rabin abin da ɗalibi ke koya daga hannunsu yake samu. Asibitin da babu su, da la'asar koyarwa ta tashi.

Wannan ne ya sa sunan tsofaffin makarantu ba banza ba ne, kuma ban ga laifinki ba da ranki ya kwanta da su. ABU an kafa ta a 1962, tsangayar likitancinta ta fara a 1967, asibitinta na koyarwa yana Shika, gaba da Samaru. BUK tana da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya, a tsakiyar birnin da majinyata ke kwararowa daga jihohin maƙwabta har da Jamhuriyar Nijar. Haka Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri, da ta Jos, da ta Ilori, kowace da asibitinta da ya daɗe yana yaye likitoci. Abin da suka tara shi ne malaman da suka koyar da malamai, da tsarin da ya zauna. Amma ki lura, sunan da ya ja ki shi ya ja dubban 'yan'uwanki, kuma cunkoso yana iya cinye amfanin. Sabuwar makaranta mai cikakkiyar amincewa, mai ɗalibai kaɗan, wadda ke jingine da asibiti mai cike da majinyata, tana iya ba ki horon da ya fi na babba. Jami'ar Jihar Kaduna tana da asibitin Barau Dikko, ta Jihar Gombe tana amfani da asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe, a Katsina ma tsohuwar cibiyar lafiya ta tarayya ta zama asibitin koyarwa. Don haka maganar babanki ba ta faɗi ba. Awo ɗaya za a yi wa kowa, babba da ƙarama.

Sai batun shiga, wanda shi ne ke yanke hukunci fiye da son rai. A JAMB darussa huɗu za ki rubuta: Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji. A WAEC ko NECO kina buƙatar kiredit a waɗannan huɗun da lissafi, kuma makarantu da dama suna son a zama ɗaya aka same su in likitanci ake nema. Makin da JAMB ke sanarwa a matsayin mafi ƙanƙanta bai shafe ki ba ko kaɗan. Na likitanci yana can sama, kowace jami'a da nata, kuma yana motsi duk shekara. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko. Katsina tana cikin wannan rukuni na ƙarshe, tana kuma cikin yankin ABU, don haka kina da ƙofa fiye da ɗaya a can. A jami'ar jiha kuwa 'yan jiha ne a gaba, nan ma kina da rinjaye. Abin da zan jaddada shi ne zaɓin farko: a likitanci kusan shi kaɗai ake dubawa. Ki auna kanki da gaskiya, ki yi jarrabawar gwaji da agogo, ki nemi ɗaliban ajin farko na makarantar ki ji da maki nawa suka shiga. In sakamako ya fito bai kai ba, JAMB tana ba da damar sauya jami'a, kuma yin hakan ba abin kunya ba ne. Duk gurbin da bai fito a manhajar CAPS ta JAMB ba kuwa, ko wa ya ba ki shi, ba gurbi ba ne. Kada babanki ya ba kowa ko sisi da sunan "za a shigar da ita ta sama".

Akwai tarkon da nake so ki sani tun yanzu. Sau da yawa wanda ya nemi likitanci bai samu ba sai a ba shi digirin anatomi ko fiziyoloji, wani ya raɗa masa cewa ya karɓa kawai, in ya yi ƙoƙari zai tsallaka. Waɗannan kwasa-kwasai ilimi ne na gaske, masu su ne ke koyar da mu, amma ba sa kai mutum ga lasisin likita, kuma tsallakawar nan ƙofa ce 'yar ƙarama, a wasu makarantun ma a rufe take. In za ki karɓa, ki karɓa kina son abin. In likitanci ne kawai a ranki, gara ki sake zama JAMB, ko ki bi ta IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a wadda ABU ke kula da ita, ki nemi shiga aji biyu kai tsaye, ko da yake nan ma guraben kaɗan ne. Shekara ɗaya a gida tana da ɗaci, na sani, amma ta fi shekara huɗu a kos ɗin da zuciya ba ta ciki. Kuma kada ki raina likitan haƙori, da haɗa magunguna, da aikin jinya, da gwaje-gwajen asibiti. Ni dai ban taɓa yin rana ɗaya a asibiti ba tare da na dogara da su ba.

Hujjar kawunki kan yajin aiki gaskiya ce. A 2020 ƙungiyar ASUU ta yi kusan wata tara, a 2022 ta yi wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗaliban da suka faɗa cikin waɗannan yajin aiki, shekara shida ta zama musu bakwai ko takwas. Jami'ar kuɗi ta tsira daga wannan. Amma ki yi mata tambayoyin nan dai, har da ƙari: asibitin nata ne ko aro take yi, kuma talakawa suna zuwa cikinsa? Asibiti mai sanyin na'ura da tayil, wanda majinyatansa goma ne a rana, ba ya koyar da likita. Sannan lissafin kuɗi a yi shi na shekara shida, ba na shekarar farko ba, a ƙara da cewa kuɗin yana hawa, musamman in an shiga shekarun asibiti. Karo-karon dangi yana da zafi a shekarar farko, a ta huɗu kuwa wani ya yi ritaya, wani ya aurar da 'ya, wani ya rasu. Na ga ɗalibin da ya tsaya a aji huɗu saboda haka, kuma komawa jami'ar gwamnati a tsakiyar karatun likitanci abu ne mai wuya ƙwarai. Rancen karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka fara a 2024, ɗaliban makarantun gwamnati aka yi wa shi.

Ƙasar waje kuma, ba zan ce miki babu makarantu nagari ba. Makarantar likitanci ta Ƙasrul Aini a Alƙahira ta girmi kowace jami'a a Najeriya nesa ba kusa ba, kuma ina da abokan aiki da suka yi karatu a Masar da Sudan waɗanda nake girmama hannunsu. Amma ku shiga da ido buɗe. Na farko, duk wanda ya yi karatu a waje, in ya dawo sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN kafin a ba shi lasisi, kuma masu faɗuwa suna da yawa, wasu har sau biyu sau uku. Na biyu, harshe. A Masar lakca da Turanci ake yi, amma tsohuwar da ke kwance a gado da Larabcin Masar za ta gaya miki inda ke mata ciwo, kuma ba shi ne Larabcin Islamiyya ba. Ɗalibin da ba ya jin majinyaci ɗan kallo ne. Na uku, cututtukan. Wanda ya yi karatu a Gabashin Turai zai iya gamawa bai ga sikila tana tashi ba, bai ga tamowa ba, bai ga sanƙarau da bazara ba, bai ga jijjigar mai ciki da aka kawo daga ƙauye a bayan a-kori-kura ba, alhali su ne abincinmu na kullum. Na huɗu, abin da ba wanda ya shirya masa. Yaƙin Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022, na Sudan a Afrilun 2023, ɗalibanmu suka dawo da jaka ɗaya, wasu suna ajin ƙarshe, takardunsu suna can. MDCN kuma ta fito ta ce ba ta karɓar karatun likitancin da aka yi ta intanet. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo bayan an bankaɗo cinikin takardun bogi. In har za a tafi, a tabbatar sunan makarantar yana cikin kundin makarantun likitanci na duniya da ke intanet, a tuntuɓi MDCN, a yi magana da makarantar kai tsaye. Dillalan da ke yawo da hotunan gine-gine a WhatsApp kamasho suke nema, ranar da abu ya lalace wayarsu a kashe take.

Na dawo kan babanki. Kada ki ɗauki maganarsa a matsayin tsoro kawai. Karatun nan yana gajiyar da mutum ta hanyar da ba za ki gane ba sai kin shiga. Makin ci hamsin ne, ba arba'in ba. Wanda ya faɗi darasi ya sake rubutawa, in ya sake faɗi ya maimaita shekara, in abin ya ci gaba a sallame shi, kuma kowace makaranta da dokarta a kan wannan, wadda ya kamata ki karanta kafin ki shiga. A irin wannan hali, samun inda za ki je ranar Juma'a ki ci tuwon mahaifiyarki ki yi barci ba ƙaramin abu ba ne. Ga 'ya mace akwai ƙarin tambayoyi da ba a rubuta su a takardar talla: akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata a cikin harabar asibitin, ko sai kin nemi abin hawa ƙarfe goma sha ɗaya na dare bayan an gama karɓar haihuwa? Akwai ruwa da wuta? Hanyar gida lafiya take? In aure ya zo a tsakiyar karatu, kuma yakan zo, ina za a zauna? Ɗalibaina mata da yawa sun yi aure sun haihu sun gama da sakamako mai kyau, amma kusan dukansu akwai uwa ko yaya a kusa da ke karɓar jariri ranar kwanan asibiti. Ga kuma wata riba da ke hannunki tun yanzu: Hausarki. A Zariya, Kano, Sakkwato ko Katsina, majinyaciya za ta gaya miki abin da ta ɓoye wa likita namiji shekara biyu, don kawai ke mace ce kuma kina jin ta. Matan karkararmu suna mutuwa da abin da ake iya magancewa saboda rashin irinki.

In da 'yar cikina ce ke, ga yadda zan yi. Zan buɗe jerin MDCN in ga matsayin jami'ar jiharku da adadin da aka yarje mata. In tana da cikakkiyar amincewa, ta riga ta yaye likitoci an rantsar da su, to ta shiga takara sosai, kuma ga mai matsakaicin maki ita zan sa a zaɓin farko. In ba ta kai nan ba tukuna, zan gaya wa babanki da ladabi cewa Zariya da Kano ba nisa ba ne, kuma zan sa ɗayansu in makin gwajinki yana sama. Masar da jami'ar kuɗi zan ajiye su sai in an rasa gurbi a gida sau biyu, kuma sai kuɗin shekara shida yana ƙasa, ba a baki ba.

Zuwa da kai ya fi aike. Ki roƙi babanki ku ware ranar Litinin ɗaya, ku je asibitin koyarwar makarantar da kuke tunani da misalin ƙarfe tara na safe. Ku zauna a ɓangaren masu ganin likita ku ga yawan jama'a. Ki nemi ɗaliba mai farar riga, 'yar aji biyar ko shida, ki yi mata sallama ki tambaye ta: su nawa ne a ajinsu, su nawa suka fara, haihuwa nawa ta karɓa da hannunta, yaushe aka rantsar da ajin da ya gabace su, kuma a ina take kwana ranar da take aikin dare. Ki sa babanki ya ji amsoshin da kunnensa, sannan ku kira kawu a waya ku gaya masa abin da kuka gani.